Tsohuwar oba-oba za ta hau zangon masu sha'awar rediyo?

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar Motorola GM300 ta kamfani a Katsina. Za ta yi aiki a zangon mita 2? Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba lambar samfurin da ke jikinta. Zangon mita 2 a yankinmu daga 144 zuwa 146 MHz yake. In mai 136 zuwa 162 ce, sauya tashoshi kawai za ka yi. In mai 146 zuwa 174 ce, akwai aiki: sashen VCO, wanda ke samar da mitar rediyon, yana iya ƙin kamawa a ƙasa da 146, sai an daidaita shi ana auna wuta. In kuwa UHF ce, wato mai aiki a zangon da ya fi wannan sama sosai, haƙura.

Don sauya tashoshin, kana buƙatar akwatin RIB mai haɗa rediyon da kwamfuta, kebul da tsohuwar kwamfuta mai tsarin aiki na DOS, domin sabuwa mai sauri tana iya lalata bayanan rediyon. Don Allah adana bayanan asali kafin ka rubuta komai.

Kada ka danna magana babu eriya ko lodin gwaji mai ohm 50 da ke maye gurbinta, taransistan ƙarshe mai ƙarfafa sigina yana iya ƙonewa. Eriyar kamfani tana iya yin gajarta, yanki sabuwa kimanin santimita 49, SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, ya kasance ƙasa da 1.5. Sai ka samu lasisi da lambar kira mai farawa da 5N, alamar Najeriya, kafin ka hau iska.