Ku Tambaya Mu Amsa: Bikin Kirsimeti ya ƙarato, hankali ya ƙi kwanciya

Wasiƙun wannan wata duk daga Kumasi suka zo, kuma kusan kuka ɗaya suke yi: gari ya ɗauki haramar Bronya, wato Kirsimeti, amma zuciya ta ƙi bin gari. Mun zaɓi uku.

TAMBAYA: Salama gare ku. Ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia, ina zaune a Aboabo da 'ya'ya huɗu. Tun da Disamba ya kama barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare sai in farka ina lissafi: kayan yara, kaji, abin da zan aika wa mahaifiyata a Bawku, ga kuɗin makaranta a Janairu. A coci ana cewa mu yi murna, ni kuwa bakina yana waƙa, zuciyata tana kasuwa. Shin rashin bangaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa, uwar da take lissafin abin da 'ya'yanta za su ci ba ta rasa bangaskiya ba. Abin da ya same ki shi ne tunani ɗaya yana ta zagaye ba ya kaiwa ko'ina, kuma wannan yana da magani. Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa su yi farin ciki da Ubangiji kullum. Bai tsaya nan ba. A sura 4, daga aya 6 zuwa 8, ya nuna hanya: a kai kowace damuwa gaban Allah da roƙo tare da godiya, sannan a sa hankali a kan abin da yake gaskiya, mai daraja, daidai, mai tsarki. Ki lura da abin da ya sa a gaba: gaskiya. Yawancin abin da ke hana mutum barci bai ci wannan jarrabawa ta farko ba.

Ki ware minti 15 da asuba, kafin ki kama hanyar kasuwa. Ki nemi ƙaramin littafin rubutu da biro, waya kuwa ki bar ta a wani ɗaki. Minti biyu na farko ki zauna ki daidaita numfashi: ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, ki saki a hankali kina ƙirga shida. Sakin numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, jikin da yake a ɗaure kuwa ba ya barin mai shi ya yi tunani mai kyau.

Daga nan ki rubuta duk abin da ya tashe ki cikin dare, kowanne a layinsa. Sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kike tsince wake a faifai, ki fid da tsakuwa ki bar na dahuwa. Kowane layi ki yi masa tambaya uku. Wannan gaskiya ce ko zato? “Kuɗin makaranta yana jirana a Janairu” gaskiya ce, tana da adadi da rana. “Mutanen gida za su ce Kumasi ta cinye ni” zato ne, ba wanda ya faɗa miki, ki ja masa layi. Na biyu, a hannuna yake? Farashin kaza ba ya hannunki, amma ko kaza nawa za ki saya yana hannunki. Na uku, na yau ne? In na gobe ne, ki rubuta ranar da za ki yi shi a gefe, ki bar shi can, kamar yadda Yesu ya ce a Matiyu 6:34 cewa wahalar kowace rana ta ishe ta. Abin da ya rage, wanda gaskiya ne amma ya fi ƙarfinki, kamar lafiyar Inna ko zaman lafiyar Bawku, shi za ki ɗauka ki kira sunansa gaban Allah sau ɗaya, a fili, ki rufe da godiya a kan abu uku na jiya. Ki ambace su dalla-dalla. “Na gode da komai” ba ya taɓa zuciya. “Na gode autata ta ci abinci jiya bayan zazzaɓi” yana taɓawa, domin sai kin tuna fuskar yarinyar kafin ki faɗa.

Inda mutane suke ɓata wannan aiki wuri uku ne. Wasu suna yin shi a kan gado da tsakar dare, lokacin da gajiya take kumbura ƙaramin abu ya zama babba. Wasu suna maimaita damuwa ɗaya sau ashirin cikin addu'a, su tashi sun fi dā nauyi, domin damuwar suka yi ta juyawa, sun dai sa mata “Ya Ubangiji” a gaba. Wasu kuma suna ƙoƙarin korar tunani da ƙarfin tsiya, shi kuwa sai ya dawo da zafinsa. In ya zo miki da rana kina auna yadi, ki ce masa an riga an rubuta shi, ki koma kan ayar Filibiyawa ɗin nan. In kin farka da dare barci ya ƙi dawowa bayan kamar minti 20, ki tashi ki zauna ki karanta Zabura ɗaya, kada ki buɗe waya. Goro da shayi mai kauri kuma ki bar su daga la'asar.

Batun kuɗi sai da lissafi, addu'a ba ta hana shi. Ki fara cire na Janairu, wato makaranta, haya da jarin da za ki sake saro kaya, kafin ki taɓa na biki. A ce susu, wato adashi, ya ba ki sidi 3,000, Janairu kuma yana neman 1,800. To kuɗin bikinki sidi 1,200 ne, ba 3,000 ba. Cikinsa za ki fid da na Inna, na coci, na tukunya da na yara. In bai kai ɗinkin yara huɗu ba, a yi wa kowa riga ɗaya a bar takalmi. Ki kira mahaifiyarki tun yanzu ki faɗa mata abin da za ki tura ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kada ki bari sai ranar 24. Jin muryarki da sanin gaskiya ya fi mata zaman jira. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka ci don shinkafar kwana biyu shi ya fi ciwo: mai ba ki 1,000 ki mayar da 1,200 a ƙarshen Janairu ya karɓi kashi 20 cikin ɗari a wata ɗaya, ana tsaka da lokacin da ciniki yake ja da baya. Kada kunya ta kama ki. Da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa (Luka 2:24), hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarda wa wanda ba shi da halin ɗan rago.

TAMBAYA: Ni tsohon direba ne a Asawase. Matata ta rasu a watan Yuli, bayan shekara 31 da aure. 'Ya'yana suna cewa in saki raina don jikoki. Ina jin tsoron ranar 25. Zunubi ne in kasa murna?

AMSA: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ya ta'azantar da gidanka. Ba zunubi ba ne. Labarin haihuwar Almasihu kansa yana da hawaye a ciki: Matiyu sura 2 ta ba da labarin iyayen Baitalami da Hirudus ya kashe wa 'ya'ya, kuma an faɗa wa Maryamu tun jaririn yana hannu cewa takobi zai soki zuciyarta (Luka 2:35). Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Farin cikin da Littafi Mai Tsarki yake nufi yana iya zama ɗaki ɗaya da baƙin ciki, domin tushensa shi ne Allah ya zo ya zauna tare da mu.

Abin da yake ƙara wa ranar nauyi shi ne a shige ta ba shiri. Ka tara 'ya'yanka mako ɗaya kafin biki, ka faɗa musu abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba. Ka zaɓi sujada ɗaya, ta daren 24 ko ta safiyar 25, ba dole sai duka ba. Ka zauna kusa da ƙofa tare da wanda ya san halin da kake ciki, in waƙar da matarka take so ta tashi hawaye suka zo, ka bar su, ko ka fita ka sha iska ka dawo. Kafin a ci abinci a ambaci sunanta a gode wa Allah saboda ita, kowane ɗa ya faɗi abu ɗaya da ya tuna. Gidan da aka hana kiran sunan mamaci don kada a yi kuka, kowa yakan koma ɗakinsa ya yi kukan shi kaɗai. Ka guji neman sauƙi a kwalba. Giya tana kawo barci da wuri, amma tana farfasa shi kafin asuba, kuma gari yana wayewa da baƙin cikin ya ƙaru.

Akwai iyakar da za a lura da ita. In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum ba ka cin abinci, ba ka barci, ba abin da yake yi maka daɗi, ka je asibiti. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ma'aikatan jinya a asibitin da ya fi kusa da kai za su iya tura ka inda ya dace. In tunanin raba kanka da duniya ya zo maka, kada ka jira ko kwana ɗaya, ka faɗa wa ɗanka ko fastonka a kai ka. Lokacin da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace (1 Sarakuna 19), abin da mala'ika ya fara ba shi gurasa ce da ruwa, aka bar shi ya yi barci.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST. Wani abokina ya ce zama shiru ana lura da tunani al'adar wasu addinai ce, bai dace da Kirista ba. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ka buɗe masa Luka 2:19, inda Maryamu ta adana abin da makiyaya suka faɗa tana ta tunani a kansa, da Markus 1:35, inda Yesu ya tashi tun da duhu ya tafi inda ba kowa don addu'a. Zabura ta farko ma ta yaba wa mai nazarin Maganar Allah dare da rana. Abin da ya bambanta namu shi ne muna yin shiru gaban Allah da Maganarsa a hannu. Luka yana da sura 24, don haka sura ɗaya a rana daga 1 ga Disamba za ta kai ka daren biki. In ka makara, ka ɗauki sura 1 da 2 kawai, aya goma kowace safiya, ka karanta da murya sau biyu, ka riƙe jimla ɗaya. Ka yi haka kafin ka buɗe WhatsApp ko TikTok, domin wanda ya fara safiyarsa da kallon sabbin kayan mutane yakan wuni yana auna kansa da su.