Filin Tambaya da Amsa: Kwamfuta ta dame ni da in koma Windows 11, in koma ko in bari?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon wasiƙun da suka shigo daga Zariya kusan duk maganarsu ɗaya ce, wato sauya Windows, don haka na zaɓi guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya daga wata ɗaliba a Samaru: Malam dan Allah ina ajin ƙarshe ne a ABU, laftof ɗina HP ce ta hannu da yayana ya saya min, kullum na kunna sai ta fito min da saƙo wai Windows 10 ya ƙare in koma 11, ni kuma duk furojet ɗina yana ciki har babi na huɗu ga SPSS da nake lissafi da shi, wata ƙawata ta ce ita da ta kai tata gyara komai nata ya goge. In danna ko in ƙyale?

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki, kada ki danna komai tukun. Saƙon da kike gani gaskiya ne ba bairos ba ne. Microsoft ta fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015, ta kula da shi shekara goma, sannan daga ranar 14 ga Oktoba 2025 ta daina aiko masa da gyaran tsaro na kyauta da take turowa duk wata. Wannan ba yana nufin laftof ɗin za ta mutu ba ne, za ta ci gaba da kunnuwa, Word zai buɗe, SPSS zai yi aiki kamar jiya. Abin ya fi kama da gidan da maigadi ya ajiye aiki, gida na nan daram amma duk ɓarawon da ya gano wata kafa babu mai zuwa ya toshe ta, kuma kullum kafofin ƙaruwa suke. Kenan komawar ta zama dole, amma ba dole ba ne a yau da daddare.

Shawarata gare ki ita ce ki bari sai kin kare furojet ɗinki an sa hannu an ɗaure, sannan ki sauya. Wallahi ban ga hikimar taɓa kwamfutar da ke aiki lafiya ana saura 'yan makonni difens ba, don ko komai ya tafi daidai wasu manhajojin kan nemi a sake sa musu lasisi bayan sauyin, ke kuma ba lokacin yawo neman wanda ya saka miki SPSS ba ne wannan.

Amma abin da ba zan yarda ki ɗaga ba ko na kwana ɗaya shi ne ajiye kwafi. Yau ɗin nan ki samu filashi mai kyau ki kwashe fayil ɗin furojet, da bayanan kwastiyoniya, da duk takardun da kika sauke, sannan ki tura wa kanki ta imel ko ki ɗora a Google Drive, wuri biyu daban, kuma ki buɗe su a wata kwamfutar ki gani da idonki sun buɗe, don sau da yawa mutum zai kwashe gajeriyar hanyar da ke kan fuskar kwamfuta yana zaton fayil ɗin ya kwashe alhali alama ce kawai babu komai a ciki.

Abin da ya faru da ƙawarki kuwa na san shi. Hanya biyu ce ake sa Windows 11. Akwai ta cikin Settings, wurin Windows Update, wadda kwamfutar ke ɗora sabon a kan tsohon ta bar miki fayilolinki da manhajojinki yadda suke, kuma kyauta ce in dai Windows 10 ɗinki na da lasisi. Akwai kuma wadda masu gyara suka fi so saboda ta fi sauri a wurinsu, su soka filashi su yi fomatin su sa sabo fil, wannan kam sharewa take. In kin kai wa mai gyara ki faɗa masa da baki ɓaro-ɓaro cewa ba fomatin kike so ba, kuma ki zauna a wurin.

Ranar da za ki yi, ki tabbata batir ya cika kuma caja na jone a inda wuta ba za ta ɗauke ba, wurin mai sola ko janareto, saboda kwamfutar za ta kashe kanta ta kunna sau da dama, in ta mutu a tsakiya ana iya shiga matsala. Data ma ki tanada, abin da za ta sauke gigabait ne masu yawa, cikakken fayil ɗin ya haura 5, gara ki nemi wifi ko ki sayi datar dare. In kin hau kin ga bai yi miki ba, kina da kwana 10 da za ki iya komawa Windows 10 ta Settings, System, Recovery, sai ki danna Go back. Bayan kwana goman nan kwamfutar na share tsohon da kanta.

Tambaya daga mai shagon buga takardu a Kongo: Ranka ya daɗe ina da kwamfutocin tebur guda huɗu a shago, muna taifin da fotokwafi da rajistar ɗalibai da zanen katin biki a CorelDraw, na gwada duk sun ce wai ba su cika sharaɗi ba, wani yaro mai gyara ya ce zai iya tilasta musu su karɓa in ba shi kuɗi kaɗan. Ni dai ba ni da halin sayen sabbi huɗu a wannan yanayin.

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa, tambayarka ita ce ta mafi yawan mutanenmu, don kwamfutocin da ke hannunmu galibi na gwanjo ne da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Windows 11 da ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021 ya zo da sharuɗɗa: ram aƙalla gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma babban tarnaƙin, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A na Intel sai daga ƙarni na 8 zuwa sama, a na AMD galibi daga Ryzen 2000. Yadda za ka gane kuwa sauƙi ne, shiga Settings, System, About, ka duba lambar da ke bayan i3 ko i5 ko i7. In ka ga i5-8250U lambar farko 8 ce ya wuce, in ka ga i5-6300U ko i3-4130 to ƙarni na 6 ne da na 4, ba su shiga ba. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai i7 ce, i7 ta ƙarni na 4 ba ta cika sharaɗi ba amma i3 ta ƙarni na 8 ta cika.

Kafin ka yanke ƙauna ka sauke PC Health Check, manhajar Microsoft ce kyauta, za ta faɗa maka takamaiman abin da ya hana. In TPM kaɗai ta ambata to akwai fata, domin a kwamfutoci da yawa yana nan a kashe ne a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi, a na Intel sunansa PTT a na AMD fTPM, kunnawa kawai za a yi shikenan.

Maganar yaron nan kuwa ba ƙarya yake ba, ana iya tilastawa, akwai manhajoji irin su Rufus da ke cire shingen, kuma sau tari kwamfutar za ta tashi ta yi aiki. Sai dai Microsoft ta faɗa a fili cewa wadda aka sa wa ta wannan hanya ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawa, ga shi duk lokacin da babban sabuntawa na shekara ya fito galibi sai an sake zama an yi dabarar da hannu. In laftof ɗin kallo ce a gida sai in ce gwada, amma injin da kake cin abinci da shi, ranar da ɗalibai suka yi layi har bakin titi ana rufe rajista gobe, ba ranar da kake son gano cewa tsohuwar firintarka ba ta da direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, da zai yi da sabon ba ce.

Ni a ganina ka raba aikin. Guda ɗaya tak ka lallaɓa ka saya wadda ta cika sharaɗi, ko ta hannu ce, irin su Dell OptiPlex ko HP masu ƙarni na 8, ita za ta riƙa hawa intanet, a kanta za a riƙa rajista da biyan kuɗi da shiga imel ɗin mutane, domin amanar bayanan jama'a ce a hannunka, lambar NIN ɗinsu da hotunansu da lambobin sirri duk ta nan suke bi. Tsofaffin huɗun ka cire su daga intanet su tsaya a taifin da CorelDraw, za su yi maka shekaru, illa dai ka sa ido kan filashin kwastomomi don ta nan cuta ta fi shigowa shago. Akwai kuma shirin ƙarin wa'adi da Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10 mai suna ESU, dala 30 ko kuma kyauta in ka haɗa kwamfutar da asusun Microsoft ka kunna ajiyar saituna, amma wa'adin da ta sanar wa masu amfanin gida a 2025 shi ne 13 ga Oktoba 2026, numfashi ne kawai. Wasu za su ce maka ka sa Linux Mint, wani tsari da ake sawa a madadin Windows, yana da kyau ƙwarai ga tsohuwar kwamfuta kuma kyauta ne, sai dai CorelDraw ba shi da na Linux, don haka kai bai dace da kai ba.

Tambaya daga wani tsohon malamin makaranta a Tudun Wada: Ɗana ya sauya min Windows ban sani ba, yanzu komai ya koma tsakiya, na kasa gane kan abin, kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa da nake rubutu da su sun ɓace.

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan gyaran minti biyu ne. Ka danna gefen dama na linzami a kan dogon layin nan na ƙasa, ka zaɓi Taskbar settings, ka gangara zuwa Taskbar behaviors, inda aka rubuta Center ka mayar Left, komai zai koma hagu inda ka saba. Haruffan kuma ka shiga Settings, Time & language, Language & region, ka ƙara Hausa, daga nan in ka danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara zai riƙa juya maka allon rubutu, sai ka riƙe Alt na hannun dama ka danna k ko d ko b su ba ka ƙ da ɗ da ɓ. Shi kuma yaron a ja masa kunne ya riƙa neman izini.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari: Malam an sa min Windows 11 wata uku da suka wuce, jiya na kai a canza min wani abu a ciki, yanzu ta fito da shuɗin allo tana neman wata lamba wai BitLocker, duk lissafin shagona yana ciki.

Amsa: Yallabai wannan ita ce wasiƙar da ta fi tayar min da hankali, kuma ina roƙon kowa ya karanta. Windows 11, musamman daga sigar 24H2 da ta fito a 2024, in aka sa shi sabo aka shiga da asusun Microsoft yakan kulle ma'ajiyar kwamfuta da kansa, kullen nan shi ne BitLocker, don ko an sace ta ɓarawo ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Abu ne mai kyau, matsalar ita ce ba a faɗa wa mai kwamfutar. In aka taɓa BIOS ko aka canza wani muhimmin ɓangare sai ta yi zaton sace ta aka yi ta nemi makulli mai lambobi 48, wannan makullin kuma yana ajiye ne a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi ranar da aka sa Windows ɗin.

To tambayar ita ce imel ɗin wa aka sa ranar? In naka ne, ɗauki wayarka ka shiga account.microsoft.com da shi, ka je wurin Devices za ka ga makullin, ka kwafe a takarda ka shigar. In kuma mai gyaran ne ya sa nasa, ko ya buɗe wani na wucin gadi don ya yi sauri ya wuce wurin, to maza ka koma wurinsa yau ɗin nan ya duba maka kafin ya manta lambar sirrin. Kada ka bari kowa ya yi fomatin yana cewa zai dawo da fayilolin daga baya, in babu makullin nan ko Microsoft ɗin da kanta ba ta iya buɗewa. In Allah ya sa ta buɗe, ka shiga Settings, Accounts, ka mayar da kwamfutar kan imel ɗinka, ka rubuta makullin a littafin shago, sannan lissafin nan ka riƙa kwashe shi a filashi duk ƙarshen mako. Ka rubuto mana yadda aka ƙare.