Ciwon Ƙirji: Wane Magani Za a Saya, Wanne Za a Guje wa?

Wani matashi ya rubuto: "Ƙirjina na zafi bayan cin abinci. Wane agogon hannu mai auna zuciya zan saya?"

Ko ɗaya. Zafin da ke tasowa bayan an ci abinci, ya ƙaru in an kwanta, ga ɗaci a maƙogwaro, galibi ƙwannafi ne. Agogon kuma ta fuska ɗaya yake kallon zuciya, na'urar ECG ta asibiti, wato mai auna bugun zuciya, kuwa ta fuska 12. Riƙe kuɗinka, ka je likita ya tabbatar.

Wata baiwar Allah ta ce: "Maigidana, ɗan shekara 58, in ya hau bene sai ya dafe ƙirji, wai kamar an ɗora masa dutse. Da ya zauna sai ya lafa. Barci ya gagare ni."

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika lura. Wannan ya yi kama da abin da likitoci ke kira anjaina: kitse ya ƙuntata jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, to in ta yi aiki da yawa sai jinin ya gaza isar ta. Hawan jini, ciwon suga da shan taba ne manyan masu jawo shi, kuma yana jin magani. Ki raka shi asibiti cikin makon nan. Ko an ce ECG lafiya lau, kada ku tsaya nan, don gwajin da aka yi mutum na kwance yakan ɓoye matsalar. Ku tambayi gwajin motsa jiki. In kuwa ciwon ya zo yana zaune, ko ya ƙi lafawa bayan hutu, ko ya haɗu da gumi da numfashi sama-sama, a tafi nan take, ko tsakar dare ne.

Sai wani magidanci: "Abokina ya sayo mini ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, a ƙunshe cikin takarda. In ci gaba da ita?"

Haba Malam! Wa ya duba ka? Wa ya ce ma ta gaskiya ce? Ƙwayar nitroglycerin, wato wadda ake sawa ƙarƙashin harshe, tsohon magani ne, tun 1879 ake amfani da shi a kan ciwon anjaina, amma ba ta jure iska da zafi, shi ya sa ake sayar da ita a kwalbar gilashi mai murfi. Wadda aka zuba a takarda, ko ta gaskiya ce, ƙarfinta zai tsere. In jabu ce kuma, ranar da za ka gane ita ce ranar da ka fi buƙatarta. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne wanda maza ba sa faɗa wa likita: haɗa ta da maganin ƙarfin maza irin su Viagra na iya kayar da jini ƙasa warwas, har a rasa rai. An sha kama garin magani da ake tallatawa da sunan "na itatuwa zalla" ɗauke da sinadarin Viagra a ɓoye, mai sha bai sani ba. Ka zubar da ƙunshin nan, a gwada ka. In likita ya rubuta maka ita, saya a kantin magani mai rajista, duba ranar lalacewa, kuma zauna kafin ka sa, don takan kawo jiri.