Amsa: Siginar tsohuwar CG125 tana kamawa amma ba ta ƙiftawa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka mori abin da ya bar maka. Na karanta bayaninka a kan mashin ɗinka Honda CG125: siginar tana kamawa ta tsaya cak, sai ka murɗa wuta take ɗan ƙiftawa, ta baya ta hannun dama kuma dishi-dishi take. Ka canza filasha, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, har sau biyu babu sauyi, yanzu mai rewaya ya ce sai an zare wayoyin duka an sa sababbi.

Don Allah kada ka bari a yanka maka ko waya ɗaya tukuna. Na daɗe ina hawa da gyara irin waɗannan mashina, kuma abin da ka lissafa ya fi kama da matsala biyu da suka haɗu, ba ɗaya ba. Dukkansu ba a filasha suke ba.

Fara da batir. Na san za ka ce ai mashin yana tashi bugu ɗaya, fitilar gaba ma tana haske. To nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tsohuwar CG ba ta buƙatar batir kafin ta tashi, kuma fitilar gabanta daga kwayil take shan wuta kai tsaye. Sigina, hon da fitilar birki su ne ke kan batir. Mutum zai iya shekara yana hawa da mataccen batir bai sani ba. Ita kuwa filasha irin ta da, wani siririn ƙarfe ne a cikinta da wuta ke bi ta ɗumama shi, ya lanƙwashe ya yanke wutar, ya huce ya koma ya sake haɗawa. Ƙiftawar ke nan. Idan wutar ba ta kai ta ɗumama shi ba, ƙwan zai kama ya zauna a kunne. Da ka ba da wuta caji ya ƙaru, sai ta fara motsi. Daidai abin da ka gani.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Buɗe makulli ba tare da ka tada inji ba, ka danna hon. In ka ji ya yi wata 'yar ƙara kamar mai mura, ko ya yi shiru, galibi batir ne. In kana da mita, batir mai bolt 12 da yake da lafiya zai nuna wajen 12.6 a zaune, in inji na aiki kuma ya haura 13.5 zuwa 14.5. Mai bolt 6 zai nuna 6.3 ko kusa da haka. Ka duba ruwansa ma, zafin nan namu yana ƙafar da shi da wuri. Sannan ka tabbatar wane iri ne naka, domin CG na farko-farko, tun daga fitowarta a 1975, bolt 6 ne, sai daga baya aka koma 12. Na sha ganin an sa wa mashin mai bolt 6 filasha ko ƙwai na bolt 12, saboda su suka cika kasuwa yanzu. Ƙwan zai yi ja-ja kawai, filasha kuma ba za ta taɓa ƙiftawa yadda ya kamata ba. Ciro waɗanda ka saya ka karanta rubutun jikinsu.

Matsala ta biyu ita ce ƙwan bayan nan mai dishi-dishi, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Wuta ba shiga ƙwai kawai take yi ba, sai ta samu hanyar komawa, kuma hanyar ita ce koriyar waya ko jikin ƙarfen mashin. A tsofaffin mashina da yawa ƙafar siginar ce da kanta ke mayar da wutar ta inda aka ɗaure ta da noti. Shekaru sun ja, ruwan wanki ya shiga, tsatsa ta ci wurin, wani ma an sake masa fenti an rufe ƙarfen. Sai wutar ta rasa hanya ta riƙa bi ta wasu ƙwai. Shi ya sa za ka ga an kunna sigina amma fitilar baya ce ke lumshewa tare da ita.

Samu guntuwar waya, ka fere bakinta biyu. Kunna siginar dama, ka ɗora baki ɗaya a jikin gidan ƙwan, ɗayan a kan ƙarfen inji mai tsabta ko kan batir na ragi, wato mai alamar (-). In hasken ya tashi nan take, ka kama ɓarawon. Kwance ƙafar, ka goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, ka shafa ɗan giris ka ɗaure tam. Cire ƙwan ka leƙa cikin gidansa: in ka ga wani kore-kore ko farin gari a gindin, kankare shi, ka ɗan ɗago harshen tagullar da ke ƙasa don ya riƙa taɓa ƙwan sosai. Ka haɗa ƙwan gaba da na baya su zama wat ɗaya, kuma daidai da abin da aka rubuta a jikin filasha.

In ka gama waɗannan abin bai daidaita ba, sai a bi waya. Honda tana da kirki a nan, launukanta ba sa canzawa: baƙa ce ke kawo wuta daga makulli zuwa filasha, ruwan toka ke ɗauka daga filasha zuwa makunnin da ke hannu, ruwan lemo ta hagu, shuɗiya mai haske ta dama, koriya kuma ta komawa. Masu Yamaha da ke karantawa, ku kula, a wurinku baƙar ce ta komawa. Cire wayoyi biyu na filasha ka haɗa su da juna, ka tura makunni hagu, ka tura dama. In ƙwai biyu na kowane gefe sun kama da haske mai ƙarfi, wayoyinka da makunni lafiya lau suke. In gefe ɗaya ya ƙi, buɗe makunnin. Amma ka shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ka kwance, akwai wani ɗan ƙaramin boris da sifirin a ciki, in suka yi tsalle cikin ƙasa sai dai haƙuri. Yawanci ƙura ce da tsohon giris suka daskare a kan tagullar. Wanke da ɗan fetur, ka bari ya bushe.

Wuri na ƙarshe shi ne wuyan mashin, inda damin wayoyi ke shiga kokon fitila. Kullum ana juya kai, waya takan karye daga ciki alhali robarta lafiya. Kunna sigina ka riƙa juya kan hagu da dama, in tana ɗaukewa tana dawowa, a nan take. Waya ɗaya za a ƙara, ba duka ba.

Abin da ya sa na dage kan kada a zare su: wayoyin asali na mashin ɗin nan sun fi yawancin na kasuwa kaurin tagulla, kuma da zarar an cakuɗa launuka an naɗe da salatif, duk wanda zai yi gyara nan gaba sai ya yi lalube. Kuma kada ka ce za ka haƙura ka riƙa miƙa hannu. Da daddare mai mota ba ya ganin hannu.

In kana tunanin sa ƙananan ƙwan LED, ka sani ba sa jan wutar da za ta motsa tsohuwar filasha, sai ka haɗa da filasha ta lantarki da aka yi dominsu. Amma wannan sai bayan an gyara na yanzu. Gwada hon ɗin da farko, ka ɗauko hoton rubutun jikin batir da na filasha ka turo mana nan mu gani.