Ana cike kududdufin unguwarmu ba a tuntuɓe mu ba, ina za mu kai kuka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin wata unguwa ne a ƙaramar hukumar Gwale. Muna da kududdufin da ruwan unguwa ke gangarawa tun zamanin kakanni, yanzu tifofi sun fara zuba ƙasa, wai filotai za a yanka. Babu wanda ya nemi jin ta bakinmu. Shin talaka na da ta cewa a tsarin gari, ko sai dai ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuna da ta cewa, amma sai kun yi ta a rubuce, kuma tun ba a haƙa tushen gini ba. Da zarar bulo ya kai linta, magana ta koma ta rusau da diyya, kuma hukuma ba ta cika son shiga wannan ba.

Ku fara da sanin mai iko. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Saboda haka sa hannun mai unguwa ko dagaci a takardar ciniki shaida ce kawai, ba izinin gini ba. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya gabatar, sannan a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Ke nan ƙofarku tana nan Kano, ba sai kun je Abuja ba: hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce mai ba da izinin gini, Ma'aikatar Filaye da hukumar taswirar filaye ta jiha, wato KANGIS, kuma su ke riƙe da bayanan mallaka.

Tambaya biyu za ku kai musu. Wurin nan yana cikin taswirar da gwamnati ta amince da ita, ko awon igiya ne? An ba da izinin cikewa da gini? Sau da yawa a nan ake gano cewa mai tifofin ba shi da komai sai takardar ciniki.

Yadda za ku rubuta ƙorafin shi ne abin da na fi so ku kula da shi. Ku yi wasiƙa kwafi biyu da sunan ƙungiyar unguwa, ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar ku dawo da ita. Ku haɗa da hotunan layin da ruwan bara ya bari a jikin katanga, da kwalbatin da ke zuba cikin kududdufin. A sa hannun liman, da mai unguwa, da masu shaguna. Kada a manta da mata, don su ke gida sa'ad da ruwa ya shigo zaure, sun fi kowa sanin ta inda yake ɓullowa. Kuma kada ku tsaya a "ba mu yarda ba". Ku faɗi abin da kuke nema: a bar wani sashe ya ci gaba da ɗaukar ruwa, ko a gina babbar magudana kafin a yanka ko filoti ɗaya. Injiniya ya fi saurin amsa buƙatar da zai iya aunawa.

Kududdufan nan ramukan da aka ɗebi ƙasar ginin birni ne, suka zama ma'ajiyar ruwan damina kafin ya sauka rafin Jakara. Duk wanda aka cike, ruwansa gidan wani zai nufa. Ni a ganina rashin lissafa wannan na cikin manyan dalilan ambaliyar da ake fama da ita a cikin gari.

Kuɗin magudana kuwa sai an sa shi a kasafi, don haka ku riƙe kansilanku da ɗan majalisar jiha tun kafin zaman jin ra'ayin jama'a da majalisa kan yi a ƙarshen shekara.

Idan an yi shiru, ku kai kwafin mai hatimi Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta jiha, ko lauya ya nemo muku umarnin kotu na dakatar da aiki. Ku dai ja kunnen samari kada su tare tifa ko su taɓa direba, don ranar da aka yi haka ku za ku kwana a ofishin 'yan sanda, aikin kuma ya ci gaba.