Amsa ga ɗana a kan kyandir da turare a cocin Oxford

Ɗana, na sami saƙonka, na kuma ga damuwarka a kan cocin Anglikan da ka shiga a Oxford, inda ka tarar da kyandirori a kan bagade ana ƙona turare, har kake tambaya ko ɓatan kai ka yi ka faɗa cocin Katolika. Ba ka ɓata ba, domin tushen wannan al'ada yana nan garin da kake zaune.

A 1833 waɗansu malaman jami'ar Oxford, cikinsu da John Keble da John Henry Newman, suka tashi suna kukan cewa Cocin Ingila ya zama tamkar reshen gwamnati, ya manta da gadon manzanni. Da Newman ya koma Katolika a 1845, mutane da yawa suka ɗauka tafiyar ta mutu, sai nauyinta ya faɗa a kan Edward Pusey, shehin malamin Ibraniyanci na jami'ar tun 1828. Shi ne mutumin da nake so ka sani, saboda ya tsaya a cocinsa duk da wuyar da ya sha. A 1843 ya yi wa'azi cewa Almasihu yana nan da gaske a cikin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a sujada, jami'ar kuwa ta hana shi wa'azi na shekara biyu. Da ya dawo a 1846 bai janye ko kalma ɗaya ba, sai ma ya yi wa'azi a kan furta zunubi a gaban limami.

Abin da akan manta shi ne, Pusey bai cika damuwa da riguna da turare ba. Mabiyansa ne suka ce wanda ya gaskata Ubangiji yana wurin dole ya nuna ladabi da jikinsa, kuma an ɗaure waɗansunsu a kurkuku bayan dokar da Majalisar Birtaniya ta kafa a 1874 don hana irin waɗannan al'adu a sujada.

Mu a Wusasa ta hannun CMS, ƙungiyar mishan ta 'yan Anglikan, bishara ta iso mana, su kuwa wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki suka sa gaba, shi ya sa ka tashi ba ka saba da wannan ba. Ni har yau sujadarmu mai sauƙi ta fi kwanta mini a rai, amma ba zan ce da mutanen cocin da ka shiga baƙi ba. Ka koma ranar Lahadi ka karɓi Jibi tare da su, in ka sami sarari kuma ka leƙa Pusey House, gidan sujada da karatu a Oxford mai sunan Pusey, wanda aka buɗe a 1884, shekara biyu bayan rasuwarsa.