Makullin mota ya ƙi juyawa: kafin ki ɗauko filaya

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Jiya na ajiye motata lafiya lau, yau da safe makulli ya shiga amma ya ƙi juyawa sam, sitiyarin ma ya ƙame. Motar otomatik ce, ta ɗan kwana biyu. Maƙwabcina ya ce in ɗiga baƙin mai a ramin in murɗa da filaya, wani mai gyaran wayoyin mota kuma ya ce zai haɗa mini waya ta tashi. Hankalina a tashe yake. Ko wani ne ya taɓa motar cikin dare?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki. Idan ba ki ga karce a bakin ramin makullin ba, robar da ke rufe wuyan sitiyari kuma ba ta fashe ba, da wuya a ce ɓarawo ne. Tunda kin ce sitiyarin ya ƙame, zargina na farko kullen sitiyari ne. Idan aka zare makulli aka juya sitiyari, wani ɗan sakata yana faɗawa cikin gurbinsa ya riƙe shi. In tayoyin gaba a karkace suke, ko sun tokare dakalin gefen titi, nauyin duk a kan sakatan yake sauka, makulli ba ya iya janye shi.

Ki gwada sitiyarin dama da hagu. Ɓangare ɗaya zai tsaya cak, ɗayan zai ɗan motsa. Ki ja shi zuwa inda yake motsawa, ki riƙe, sannan ki murɗa makullin da yatsu biyu. Ki kuma tabbata giya ta zauna sosai a kan P, ki taka birki ki ɗan girgiza ta.

In bai yi ba, a ɗauko makullin ajiya. Idan shi ya juya, haƙoran na kullum ne suka cinye, ko ya lanƙwashe. Sabo za a yanka, amma da lambar makullin ko daga na ajiyar, domin kwafin cinyayyen makulli cinyayye ne shi ma. Wani lokaci in aka ɗan janyo makullin baya kamar milimita 1 sai ya juya. Wannan alama ce cikin kan makullin, wato ƙarfen da makulli ke shiga ya juya, ya fara gajiya. Motocin da kullen sitiyarinsu na lantarki ne kuwa, batir mai rauni kaɗai ya isa ya hana su sakewa.

Yanzu ga maganar maƙwabcinki, wadda kullum sai na ji irinta. Mutane sun ɗauka makullin da ya ƙi juyawa ƙarfi yake nema. A cikin kan makullin akwai 'yan siraran ƙarafa, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, sai haƙoran makulli sun jera su daidai kafin ya juya. Ɗaya ya saɓa, ba inda za shi. Filaya ba ta jera su, lanƙwasa su take yi, ko ta karya makullin a ciki. A nan aiki yake lalacewa, domin a motoci da yawa sai an murɗa makulli zuwa ACC, wato inda rediyo ke kamawa injin bai tashi ba, kafin kan ya zaro. In ya karye ba a kai nan ba, sai huda da injin, ga kusoshin da ke riƙe gidan makullin marasa kai ne, da gangan aka yi su don kada su kwantu cikin sauƙi. Baƙin mai kuma yau zai yi santsi, bayan 'yan makonni ya tara ƙura ya zama kwaɓa. Abin da ake sa wa makulli shi ne garin girafait, irin baƙin abin da ke cikin fensir, ko feshin da aka yi musamman don makullai, shi ma kaɗan.

Mai haɗa waya ya fi ba ni haushi. Ko injin ya tashi, sakatan yana nan, domin juyawar makulli ce kaɗai ke janye shi. To me suke yi? Mutum biyu su kama sitiyari su fizga har sakatan ya karye, su ce an gama. Gutsuren ina ya tafi? Yana nan cikin wuyan sitiyari yana yawo, ranar da ya maƙale kina tsakiyar kwana da yara a baya, mai gyaran yana gidansa. Ga shi kuma motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 yawanci akwai na'urar tsaro a cikin mariƙin makullinsu, ba sa tashi da haɗin waya. Sai ka ga an fasa mariƙin makullin an ɗaure na'urar da salatif a jikin gidan makullin, daga nan kowane ƙarfe da ya juya ramin ya tayar da motar. Wallahi wannan ba gyara ba ne, cin amanar mai mota ne. Wanda bai iya ba ya ce bai iya ba mana.

Kada kuma a ja motar da igiya sitiyari a kulle. A kira mai gyaran makullin mota ya zo inda take, ko a ɗora ta a babbar mota. Sau da yawa ƙarafan cikin kawai zai sauya ya daidaita su da makullinki, ba sai kin koma riƙe ɗaya na ƙofa ɗaya na tayarwa ba. In an gyara, ki rage tarin makullan gida da ke rataye a jikinsa, nauyinsu yana cin kan makullin a hankali.